Tarihin Rayuwata (Kashi na 17): Ranar da Sikof Ya Yi Kumfa

A makon jiya na tsaya ne a inda takardar canjin wurin aiki ta same ni, aka ɗauke ni daga ɗakin kwantar da maza aka mayar da ni sashen leƙa ciki. Raina bai so ba, don na saba da marasa lafiyata, na san mai son a gyara masa filo da mai son a bar shi ya yi barci. Amma ma'aikaciyar jinya ba ta zaɓar inda za a kai ta, sai na tattara 'yan kayana na tafi.

Sashen ɗaki biyu ne. Na gaba shi ne wanda kowa ya sani: gado, allon talabijin, da likita riƙe da baƙin bututun nan mai fitila da kyamara a baki, wanda muke kira sikof. Na baya kuwa babu wanda ke shigarsa sai mu. Kwatamin wanki ne manya guda uku a jere, da kabad dogo, da wani wari mai yaji da ke sa ido hawaye. Can Sista Babba ta kai ni tun ranar farko, ta miƙo mini safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu, da gilashin kare ido, da rigar leda.

"'Yata," in ji ta, "ba za ki tsaya kusa da majinyaci ba sai kin iya wannan ɗakin. Abin da ya fito daga cikin wani, shi za a zura wa wani. Tsakaninsu babu kowa sai ke."

Sikof na duba tumbi tsawonsa ya ɗan haura mita ɗaya, kaurinsa bai kai santimita guda ba ko kuma ya kai da ƙyar. A cikinsa akwai 'yan hanyoyi: ta iska da ruwa, da kuma wadda ake zuƙo ruwan ciki da ita, ake kuma zura ɗan hantsakin gutsuro nama. Faɗin wannan hanya bai cika milimita 3 ba. Jini da majina da ruwan tumbi duk nan suke bi, kuma ido ba ya ganin cikinta. Almakashi da wuƙar tiyata ana jefa su cikin tukunyar tururi a huta, amma sikof ba ya jure wannan zafin, roba da gam da gilashin da ke jikinsa lalacewa za su yi. Shi ya sa wankinsa ya dogara da hannun mutum da haƙurinsa.

Aikin yana farawa tun a bakin gado. Da likita ya zaro shi, kafin komai ya bushe, za ki goge jikinsa, ki zuƙo ruwan sabulu ta cikin hanyar. Daga nan sai ɗakin baya, a hura masa iska a nutsar da shi cikin ruwa ana lanƙwasa kansa hagu da dama, kamar yadda mai faci ke neman huji a tayar keke. In babu kumfa, sai a ɗauko siririn burushi a zura ta kowace hanya, ya fito ta ɗaya bakin, a wanke gashinsa, a sake zurawa, har sai ya fito fes. A ɗauraye. Bayan haka ne za a jiƙa shi cikin maganin kashe ƙwayoyin cuta, mu a lokacin gulutaraldihayid muke amfani da shi, kuma kowace safiya sai an tsoma 'yar takardar gwaji a ga ko ƙarfinsa bai ragu ba. Akwai agogo a bango, minti nawa kamfanin maganin ya rubuta, minti nawa zai yi. A sake ɗaurayewa, a bi hanyoyin da sifirit, a hura iska har su bushe, a rataye shi a miƙe cikin kabad.

Abu biyu Sista Babba ba ta yafewa. Na farko burushi. Ta ce wannan magani yana daskarar da jini da majina ne, in aka jiƙa sikof ba a goge cikinsa ba, dattin zai manne a bango, ƙwayoyin cuta su ɓuya a ƙarƙashinsa. Na biyu bushewa. Ɗigon ruwa ɗaya da ya kwana a cikin hanyar ya ishi ƙwayar Pseudomonas ta hayayyafa, ta yi wani yauƙi mai kama bango wanda wanki na gaba ba lallai ya fitar da shi ba. Lokaci zuwa lokaci ma'aikatan ɗakin gwaje-gwaje kan zo su tura ruwa mai tsabta ta hanyoyin, su tare shi a kwalba, su je su ga ko wani abu zai tsiro. Ranar da za a kawo sakamakon, Sista ba ta iya zama wuri ɗaya.

Babban likitan sashen mutum ne mai son karatu. Duk ƙarshen mako, in an sallami majinyaci na ƙarshe, yakan tara mu har da mai shara, ya buɗe mujallar likitoci ya bayyana mana abin da ke ciki da harshen da za mu gane. A wurinsa na fara jin labarin mutum biyu a Faransa da aka ba da rahotonsu a 1997, waɗanda suka kamu da ciwon hanta nau'in C bayan an duba musu hanji da na'urar da aka yi wa wani mai cutar aiki da ita, kuma bincike ya nuna ba a bi hanyar gutsuro naman da burushi ba. A wurinsa kuma na ji abin da ya faru a wani babban asibiti a Los Anjeles ta Amurka a 2015, inda wata ƙwayar cuta mai bijire wa magunguna ta yaɗu ta sikof na duba hanyar matsarmama. Mutum biyu suka rasu, aka aika wa kusan 180 sanarwar su zo a gwada su. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, wannan nau'in sikof yana da wani ɗan ƙarfe mai motsi a bakinsa, datti na maƙalewa a bayansa ko da an bi ƙa'idar wanki. In haka ta faru a inda suke da komai, to mai yanke mintuna fa?

To, mu zo ga ranar da nake son ba ku labarinta.

Sikof biyu gare mu. Da safe layi ya cika har baranda, kowa bai ci komai ba tun daren jiya, don sai tumbi ya zama fanko ake iya ganin bangonsa. Bayan majinyaci na biyu na kai sikof ɗakin baya, na hura masa iska, na nutsar da shi. Ina lanƙwasa kan sai na ga wasu 'yan ƙananan kumfa suna fitowa a jere daga robar wuyansa. Na kira Sista. Ta duƙa ta duba, ta miƙe ta ce a tsame shi, a sa shi cikin akwatinsa, ya tashi daga aiki sai an gyara. Hujin da iska ta fita ta cikinsa, ruwan cikin mutum ma zai shiga ta nan, ya je inda burushi da magani ba sa kaiwa.

Saura ɗaya ke nan, ga mutane suna jira da yunwa. Wani ƙaramin likita da ke taya aiki ya leƙo ɗakin baya, ya ga sikof kwance cikin magani, ya dubi agogo.

"Sista, don Allah a taimaka, ai ya jiƙu haka nan. Mutanen nan sun galabaita."

"Likita, na san sun galabaita," ta ce, ba ta ɗaga murya ba. "Saura minti takwas. In ka ga dama ka je ka ba su haƙuri, ni zan biyo ka da shi."

Bai ji daɗi ba, amma ya tafi. Ba mugun mutum ba ne, tausayi ne ya kawo shi, kuma ni kaina da na leƙa baranda na ga wata tsohuwa ta jingina kai da bango, zuciyata ta karye. Sai dai na riga na san abin da ke cikin waccan siririyar hanya. Muka raba mutanen, waɗanda lamarinsu ke da gaggawa suka tsaya, sauran aka ba su wata rana tare da ban haƙuri. Wasu sun yi faɗa, kuma suna da gaskiyarsu.

Cikin waɗanda suka tsaya akwai wani dattijo da ɗansa ya kawo. Shekara da shekaru yana shan maganin olsa, in ya ji sauƙi ya bari, in ta motsa ya koma. Kwanan nan sai ya ga yana ƙoshi da wuri, jininsa kuma ya yi ƙasa. Na fesa masa maganin kashe zafi a maƙogwaro, na kwantar da shi ta gefen hagu, na sa masa robar cizo.

"Baba, in ka ji an ce haɗiye, sai ka haɗiye sau ɗaya. Ka riƙa numfashi ta hanci. Ina nan riƙe da kai."

Ya kama hannuna ya matse.

Babban likita ne ya karɓi aikin. Duk da layin da ke waje, bai yi sauri ba. Ya hura iska har naɗe-naɗen tumbin suka buɗe, ya wanke majinar da ta rufe bango, ya zuƙe kumfar, ya juya kan sikof baya ya dubi saman tumbin, yana ɗaukar hoto kusurwa bayan kusurwa. Can ƙasa, kusa da mafitar tumbi, sai ya tsaya. Ni ban ga komai ba. Ya ce in matso. Wani ɗan wuri ne da bai kai faɗin farce ba, ya ɗan faɗa ciki kaɗan, launinsa ya fi na kewaye ja, gefensa ba daidai ba. Babu ƙari, babu jini. Ya ce in miƙo hantsaki. Na zura ta hanyar nan da na gama gogewa da hannuna, ya ce buɗe, na buɗe, ya ce rufe, na rufe. Muka gutsuro daga wurin, muka kuma gutsuro daga wasu sassan tumbin, kowanne da kwalbarsa da lambarsa.

Irin wannan ɗan tabo shi ne abin da masu bincike suka daɗe suna fama a kansa. Kansar tumbi tana kama kusan mutum miliyan ɗaya a duniya duk shekara, kuma a 2022 ta kashe fiye da 600,000. Mugun halinta shi ne shiru: farkonta ko dai babu alama, ko kuma alamar ta yi kama da olsa. Kafin a ga rama da amai da baƙin bayan gida, sau da yawa ta yi nisa. A Japan, inda suke kama ta tun tana fatar bangon tumbi, fiye da kashi 90 cikin 100 na irin waɗannan majinyata suna wuce shekara biyar, wasu ma ta cikin sikof ake fere wurin ba tare da an buɗe ciki ba. In ta riga ta yaɗu zuwa wasu sassan jiki, waɗanda ke kaiwa haka ba su kai kashi 10 ba. Shi ya sa Koriya ta Kudu take kiran duk wanda ya kai shekara 40 ya zo a duba shi bayan kowace shekara biyu.

Kuma ko an zura sikof ɗin, ba shi ke nan ba. Da aka tattara bincike daga ƙasashe daban-daban, an gano cewa kusan ɗaya cikin goma na masu wannan kansa an taɓa leƙa cikinsu a 'yan shekarun baya ba a gan ta ba. Wani bincike daga Singafo da ya fito a 2015 ya nuna likitocin da ke ɗaukar minti bakwai ko fiye suna dubawa sun ninka masu sauri wajen gano wuraren da ke da haɗari. Likitanmu ya riƙe wannan adadi da muhimmanci, har yakan sa in duba masa agogo.

Akwai ma inda aikinsa da namu suke karo. Maganin fasa kumfa da ake kira simetikon yana sa bangon tumbi ya fito sarai, likita ya ga abin da da ya ɓuya. Amma ba ya narkewa a ruwa, kuma a 2016 masu bincike a Amurka suka leƙa cikin hanyoyin sikof da aka riga aka wanke, suka tarar da ragowarsa. Sista da likita sun zauna a kan wannan, suka daidaita cewa ba za a zuba shi a kwalbar ruwan na'ura ba, sai dai a ba majinyaci ya sha kafin a fara, ko a tura kaɗan ta hanyar da burushi ke iya bi.

Da muka gama, ɗan dattijon ya tare ni a ƙofa.

"Sista, me aka gani? Olsar ce?"

"Ɗan'uwa, Likita zai zauna da ku yanzu. An ɗauki nama za a kai gwaji, a daure a dawo karɓar sakamako, ko da Baba ya ji sauƙi."

Na faɗi haka ne don na san da yawa ba sa dawowa. Likita ya kuma sa a duba ko akwai Helicobacter pylori a naman, ƙwayar nan da Barry Marshall da Robin Warren suka gano a birnin Perth na Ostireliya a farkon shekarun 1980, har Marshall ya sha ta da kansa a 1984 don ya nuna tana kawo kumburin tumbi. Tun 1994 hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, ga shi kuma ana kashe ta da haɗin magunguna na kamar mako biyu. Na yi ta tunanin shekarun da bawan Allahn nan ya yi yana kwantar da zafi, babu wanda ya ce masa a gwada.

Sakamakon ya dawo a rufe cikin ambulan, likita ya buɗe a gabanmu. Kansa ce, amma dukkan alamu sun nuna farkonta ne. Matsalar ita ce ranar da aka ba su ta zo ta wuce, babu Baba babu ɗansa, lambar wayar da suka bari kuma ba ta shiga. Yadda ni da Sista Babba muka bi sawunsu, da abin da babbar 'yarsa ta faɗa mana da muka same su, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.