Karanshaf a kan mai yake juyawa

Ƙannena masu koyon kanikanci, na daɗe ina ɗaura metal a inji, wato lanƙwasasshen ƙarfen da karanshaf (sandar da fistin ke juyawa) yake zama a kai, ban san aikinsa ba. A zatona ƙarfe ne ke gogar ƙarfe, baƙin mai kuma sanyaya su kawai yake yi. Wannan rashin sanin ne ya sa na kashe injin Peugeot 504 ta wani dattijo, motar da yake ci da iyalinsa da ita.

An yanko karanshaf, wato an goge shi a injin yanka an rage masa kauri, na share shi da tsumma na ɗaura. Ramukan man da ke cikinsa ban wanke su ba, ashe garin ƙarfe na nan maƙare. Ba a rufa sati biyu ba inji ya buga. Da muka kwance, metal ɗin duk ya yi zane kamar an ja shi a kan yashi. Dattijon bai zage ni ba, kuma wallahi shirun nan nasa ya fi min zafi.

Boris yana da ƙwallaye masu mirginawa, metal kuwa santsi kawai gare shi. Tsakaninsa da karanshaf akwai 'yar rata, a injin ƙaramar mota kamar milimita 0.02 zuwa 0.05, galibi ba ta kai kaurin gashin kai ba. Famfo ya turo mai cikin ratar, karanshaf na juyawa yana jan man zuwa ƙarƙashinsa, har man ya ɗaga shi. Muddin inji na tafiya daidai, ƙarfen biyu ba sa taɓa juna. Fuskar metal kuma da gangan aka yi ta da laushi, dabarar da ake jingina wa Isaac Babbitt na Amurka tun 1839, don ta haɗiye ƙananan datti, ta cinye kafin karanshaf mai tsada ya cinye. Amma abin da za ta iya haɗiyewa kaɗan ne.

Don haka ku auna, kada ku yarda da ido. In an yanka karanshaf milimita 0.25, metal mai lamba 0.25 za ku nema. Ramin mai na metal ya zauna daidai kan na bulok, wato gangar jikin inji. Kada ku musanya marafen kwanrod, sandunan da ke haɗa fistin da karanshaf, ku yi musu alama tun wajen kwancewa. Lokacin hunturu ku rufe kayan aikinku daga ƙura.

Akwai kuma ɗabi'ar da na sha wuyar bari: taka totur da zarar inji ya tashi. A wannan lokacin mai bai gama zagayawa ba, karanshaf na zaune kan metal kai tsaye. Ku bar shi a silo har fitilar mai ta mutu.