Laraba, ranar awo

Tun kafin kiran sallar asuba idona biyu. An ɗauke wuta wajen ƙarfe 2 na dare, fanka ta tsaya, janaretan maƙwabta ya kama ruri, na ciki kuma ya ga lokacin shure-shure ya yi. Sati 27 ke nan. Na juya gefen hagu, na sa filo tsakanin gwiwoyina, sai ga hawaye haka kawai. Ba wanda ya ɓata min rai. Kewar Inna ce ta taso, da tsakar gidanmu a Funtuwa, inda mai ciki ko tsaki ta yi sai mata uku sun tambaye ta lafiya.

Maigida ya yi sammakon kasuwar Mile 12, don motocin tumatir na Arewa da duku-duku ake sauke su. Kafin ya fita sai da ya ɗora min ruwan wanka, ya ajiye kuɗin keke a kan firij, ya ce, "Kar ki ce za ki taka da ƙafa, Amarya." Wannan ruwan zafin ya yi min magani fiye da yadda yake tsammani.

A asibiti na tarar da layi har bakin ƙofa. Nan Legas kafin a fara awo sai masu ciki sun yi waƙa da Yarbanci suna tafi suna rausaya. Zuwana na farko kunya ta hana ni ɗaga kai, na ƙudundune cikin hijabi. Yau na tafa, har na yi dariya da wata da ke gefena. An auna jinina da nauyina, an ba ni ƙwayar ƙarin jini, na haɗiyi maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro a gabansu. Da aka ɗora na'ura a cikina na ji bugun zuciyarsa, sauri-sauri kamar sukuwar doki, na ce alhamdulillahi a fili.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne tambayar nas. Bayan ta gama rubutu ta ajiye biro ta dube ni. Kina samun barci? Kina jin daɗin abin da kika saba jin daɗinsa? Akwai wadda kike buɗe wa cikinki? Na yi shiru. Ta ce a ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, mace 1 cikin masu ciki 10 na fama da matsalar damuwa, a ƙasashe masu tasowa ma ya haura 15 cikin 100. Ta ce sauyin sinadaran jiki, rashin barci, matsin kuɗi da kaɗaici duk suna taruwa su danne zuciya, kuma idan ƙuncin ya wuce sati 2 bai ɗaga ba in dawo mu zauna, kar in jira ranar awo. Tunda na samu cikin nan kowa jikina yake tambaya. Ita ce ta fara tambayar raina.

Na daɗe ina juya wannan a keke, muna tsaye cikin cunkoso a ƙarƙashin gadar Pen Cinema. Mu Hausawa muna da kunyar cikin fari, kuma ina ganin kyanta, ba na so ta ɓace. Amma a gida kunyar tana tafiya ne da mutane a kewaye, masu gane abin da ba ka faɗa ba. Idan aka ɗauko ta aka kawo ɗaki ɗaya a Agege, miji na kasuwa daga asuba zuwa magariba, sai ta zama kurkuku.

Shi ya sa ban wuce ɗaki ba, na shiga wajen Hajiya ta ƙasan bene. A nan Agege aka haife ta, fataucin goro ne ya kawo kakanta. Na same ta tana tsince zogale a faranti. Kallo ɗaya ta yi min ta ce, "'Yata, kin yi kuka jiya." Ta daka ƙuli, ta yanka albasa da tumatir, ta kwaɗa min da ɗan yaji, ta zauna tana kallona har na cinye. Na faɗa mata tsoron naƙuda, da tsadar kayan haihuwa, da yadda komai ya tashi tun cire tallafin mai a 2023. Ba ta ce min in yi haƙuri kawai ba. Ta ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, daga gobe bayan la'asar za mu riƙa taka ƙafa tare zuwa bakin titi, kuma ranar Asabar za ta kai ni islamiyyarsu, akwai masu ciki biyu a ajin.

Da dare na gaya wa maigida duka, har kukan asuba. Ya yi jim, sannan ya ce tunda tafiya goyon ciki kwana ce a mota, gara a turo ƙanwata ta zauna da ni, Inna ta biyo baya idan wata ya kama. Ya kira Inna a WhatsApp ya miƙo min. Na gaishe ta, bakina ya kasa furta sauran. Ta ce, "Na ji muryarki. Ki riƙe addu'a, ki ci abinci, na riga na sayi kanwa da gero."

Wuta ta dawo yanzu. Na ciki ya motsa sau 6 tunda na fara rubutun nan.