Ƙaramar "s" da ke tarbar Bazazzage a Ingila

Wanda ya baro Zariya ya sauka Ingila, sanyi ne ke fara yi masa sannu da zuwa, sai neman gida. Sanyi a sayi riga mai kauri, gida kuma 'yan'uwa da suka riga ka zuwa su yi maka jagora. Rubutu ne babu mai yi maka. A nan komai sai an rubuta: takardar neman aiki, saƙo ga mai gidan haya cewa na'urar ɗumama ɗaki ta mutu, 'yar wasiƙa ga malamar yaro, bayanin da ma'aikacin jinya ke bar wa wanda zai karɓe shi aiki da safe. Wanda ya yi digiri a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru ko Kongo, ba a fin shi manyan kalmomi. Inda ake kama mu shi ne wajen daidaita aikau da aikatau, wato mai yin aikin da kalmar aikin.

Abin mamaki, Bahaushe ya fi Bature iya wannan daidaitawa a harshensa. Yaro ya zo, yarinya ta zo, yara sun zo. Ko ɗan shekara huɗu a Tudun Wada ba zai ce "yarinya ya zo" ba. Sai dai mu alamar tana kan lamiri, wato ya, ta ko sun da ke zuwa kafin aikatau, "zo" ɗin kuwa ba ya motsi. Turanci ya ɗauke alamar ya liƙa ta a wutsiyar aikatau, kuma ya yi ta da harafin da muka haddace tun firamare a matsayin alamar jam'i. Nan ne kan ke juyewa: "s" a kan suna tana nufin da yawa, a kan aikatau tana nufin guda. The boy works, amma the boys work. A yawancin jimloli irin waɗannan "s" ɗaya ce tak, ko tana kan sunan ko tana kan aikatau. In ka ga biyu, ko ka ga babu ko ɗaya, tsaya ka sake dubawa.

Dokar ba ta da faɗi kamar yadda ake tsoro. Tana aiki ne a lokacin yanzu, idan aikau he ne, ko she, ko it, ko wani suna tilo. A lokacin da ya wuce babu ruwanka, he worked, they worked, in ban da was da were. Sai has da have, does da do, is da are. Idan does ta shigo jimla, ta riga ta ɗauke "s", saboda haka a ce does she have, kada a ce does she has. Haka bayan can, will, must da should, aikatau tsirara yake zuwa.

Akwai kuma laifin baki. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu ko uku a jere, don haka kalmomi irin asks, helps da costs sukan zube wutsiya kafin su fito. Mutum ya san dokar sarai, harshensa ne ya haɗiye ta, daga baya hannu ya bi baki. Ga wanda ya taso da Turancin kasuwar Sabon Gari, inda "e dey come" ta wadatar, abin ya fi zama jiki. A gidan kula da tsofaffi wannan ba ado ba ne. Ƙarfe bakwai na safe, ka kwana a tsaye, kana miƙa aiki, ka rubuta the nurse check him. Mai karantawa ba za ta san ko nas ɗaya kake nufi ko da yawa ba, ko an duba shi ne jiya ko kullum ake dubawa. Za ta dawo ta tambaye ka, kai kuwa bas ɗinka na shirin wucewa.

Kuskure mafi yawa a rubutun masu ilimi yana faruwa ne idan wasu kalmomi suka shiga tsakanin aikau da aikatau. The list of medications, sai hannu ya rubuta are saboda kalmar da ke kusa jam'i ce. Amma list ake magana a kai, don haka is. Gwada da Hausa ka gani: "buhun tumatir da albasa ya iso", ai buhun ne ya iso. Haka one of my children is ill, ɗaya daga cikin yaran ne ba shi da lafiya. Dabarar ita ce ka rufe duk abin da ya biyo bayan of ko with da yatsa, ka karanta abin da ya rage.

Wasu kalmomin sai haddace su. Information, advice, equipment, furniture, luggage da news duk tilo ne, ba sa ɗaukar are, biyar na farkon kuma ba a ƙara musu "s". People da police jam'i ne kullum. Everybody da nobody tilo ne, kamar dai "kowa ya zo" a wurinmu. A number of staff are, amma the number of staff is. Kuɗi da lokaci da nisa, idan dunƙule su aka yi, tilo ne: 600 pounds is too much, abin da za ka so gaya wa dillalin gida ke nan.

Ladabinmu ma yana jefa mu rami. Mu kan ce "Malam sun fito", "Baba suna gaishe ku". Turanci bai san wannan jam'in girmamawa ba, farfesa komai furfurarsa is ne. Sannan "mun je kasuwa da Hajiya", alhali mu biyu ne kawai, idan aka juya ta kai tsaye zuwa we went with, Bature zai ƙirga mutum uku ko fiye.

Kada kuma kunne ya ruɗe ka. A titunan Landan za ka ji ɗan ƙasa yana cewa we was, ko he don't. Karin harshen unguwarsu ne, kamar yadda Bazazzage ke cewa "yaron shi" inda littafi ya ce "yaronsa". Shi ba za a ce bai iya ba, kai baƙo in ka rubuta haka a takardar aiki za a ce. Za ka kuma ji mai sharhin ƙwallo yana cewa Arsenal are winning. Wannan daidai ne a Birtaniya, inda sunan ƙungiya kamar team, family ko government ke iya ɗaukar tilo ko jam'i. A Amurka tilo suka fi amfani da shi. Ka zaɓi ɗaya ka riƙe shi har ƙarshen takardar.

Ga masu shirin tahowa, musamman ma'aikatan jinya daga asibitin koyarwa na Shika da kewaye, wannan ƙaramin abu yana da farashi. A jarrabawar gwada iya Turanci ta IELTS ana auna rubutu da ma'auni huɗu, nahawu ɗaya ne daga ciki, kashi 25 cikin 100 na makin. Hukumar rajistar nas-nas ta Birtaniya tana neman 6.5 a rubutu, 7 a sauran sassa uku. Rabin maki na iya sa a sake biyan kuɗin jarrabawa, da canjin naira na yau.

Gyaran ba ya buƙatar sabon littafi. Idan ka gama rubutu, sake karanta shi sau ɗaya don wannan kawai, kada ka kula da komai. Ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ka tambayi kanka wa ke yin aikin, sannan ka musanya shi da he ko they ka ji wanda ya zauna. Manhajar gyaran rubutu a waya tana kama masu sauƙi, amma takan tsallake dogayen jimloli, don haka ka riƙa gajarta su. Don baki kuma, ɗauki jaridar kyauta da ake ajiyewa a tashar jirgin ƙasa, ka karanta sakin layi biyu da ƙarfi kowace safiya, kana jan kowace "s" har sai matarka ta leƙo daga kicin ta tambaya ko lafiya.