Ranar da na kai kanumfari aji

Shekara uku ina koyar da tarihin bazuwar Turawa a duniya a wata kwalejin horar da malamai, kuma duk shekara idan muka iso babin rigimar Ingila da Holan da Fotugal a Gabas, sai ajin ya yi sanyi. In rubuta shekaru a allo, 1600, 1602, 1612, 1623, 1667, ɗalibai su kwafa, wasu na hamma. Ranar jarrabawa su maido mini da shekarun cif, amma ka tambayi mutum a kan me aka yi ta zub da jinin nan, sai ya ce maka "mulkin mallaka" ya ja bakinsa. Abin yana ci mini rai, domin na san labarin ya fi ƙarfin a yi hamma a kansa.

A shekara ta huɗu na sake dabara. Ranar Lahadi na shiga kasuwa layin masu kayan ƙamshi, na sayi kanumfari rabin gwangwani, gyaɗar ƙamshi guda ashirin, kirfa, da masoro a madadin ɗan'uwansa barkonon Indiya. Dattijon da ke auna mini ya ce, "Malam, biki ake yi a gidan ne?" Na ce, "A'a Baba, aji zan kai." Na tambaye shi daga ina kanumfarinsa ke fitowa, ya ce shi dai daga Legas ake kawo masa.

Washegari na zube kayan a kan tebur, ƙamshi ya cika ajin. Na ce musu a shekarar 1600 kanumfari ba ya fitowa ko'ina a duniya sai a tsibiran Maluku, gyaɗar ƙamshi kuma sai a 'yan tsibiran Banda, duka a ƙasar da ake kira Indunusiya yau. Shi kansa sunan kanumfari daga Larabci muka samo shi, ƙaranful, wanda ke nuna cewa fatake Musulmi sun daɗe suna yawo da shi kafin Bafotuge Vasco da Gama ya sauka Kalikut ta Indiya a 1498. Daga nan na mai da tebura suka zama tashoshin jiragen ruwa, na raba ajin gida uku.

'Yan Fotugal na ba su Goa da Malaka da Hormuz, waɗanda suka kama tsakanin 1510 da 1515, na kuma ba su 'yan takardu, tunda a lokacin jirgin da suka tare a teku ba ya ɗauke da takardar izininsu ganima ne a wurinsu. Jari kuwa da murfin kwalba na yi shi. 'Yan Ingila na ƙirga musu shida, 'yan Holan sittin. Suka ce ban yi adalci ba. Na ce haka tarihin yake: kamfanin Ingila da Sarauniya Elizabeth ta ba wa izini ranar 31 ga Disamba 1600 ya fara da kimanin fam 68,000, shi kuwa kamfanin Holan, VOC, da aka kafa a 1602 ya zo da gilda, kuɗin Holan, sama da miliyan shida, wajen ninki goma ke nan. Wannan murfin kwalbar ya yi mini aikin da bayanin shekara uku bai yi ba. Nan take suka gane cewa Ingila a wancan ƙarnin ƙaramin ɗan kasuwa ce mai raɓe-raɓe.

Wasa ya yi daɗi, ana ciniki ana ƙwace. Sai dai akwai mutum goma sha biyu da suka rage ban ba su ƙasa ba, na ce su zauna gefe su kalla. Cikinsu akwai wata matar aure, malamar firamare ce da ta dawo ƙaro karatu. Ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu da ba ka ba mu komai ba, ko mu ne masu itatuwan?"

Na tsaya ina kallon teburin da na rubuta wa "Banda". Na zuba gyaɗar ƙamshi a kai, ban zaunar da kowa ba, kamar tsuntuwa a kan hanya. Na ce mata ta ba ni mako ɗaya.

Daren nan na buɗe littafin da nake shirya darasi a ciki. Kisan da aka yi a tsibirin Ambon na Maluku a 1623 ya ci shafi guda cur. Na rubuta yadda gwamnan Holan, Herman van Speult, ya zargi Ingilishi da shirin ƙwace sansaninsa, yadda aka ɗura musu ruwa har suka amsa laifi, yadda aka sare kawunan Ingilishi goma har da shugabansu Gabriel Towerson, tare da Japanawa tara da Bafotuge ɗaya. Na rubuta har diyyar da Holan ta biya a 1654. Banda kuwa layi biyu na ba ta. Alhali shekara biyu kafin Ambon, a 1621, babban gwamnan kamfanin Holan, Jan Pieterszoon Coen, ya auka wa Banda da jiragen yaƙi saboda mutanenta sun ƙi yarda su riƙa sayar wa Holan ita kaɗai a farashin da ta yanka. Dattawan gari 44 aka kashe a rana ɗaya. Wasu suka gudu kan duwatsu yunwa ta ƙarasa su, wasu aka kwashe su bayi zuwa Bataviya, wato Jakarta ta yau. Daga mutum kimanin 15,000, waɗanda suka saura a tsibiran ba su wuce dubu ɗaya ba, aka raba gonakinsu ga Turawa, aka kawo bayi suna nomawa. Mutanen Banda Musulmi ne, 'yan kasuwa masu jiragensu, suna hulɗa da Jawa da Malaka tun kaka da kakanni.

Shafi guda ga mutum goma, layi biyu ga dubbai. Ba da gangan na yi ba. Littattafan da na yi karatu da su a Ingila aka rubuta yawancinsu, kuma Ingilishi sun yi shekaru suna buga ƙasidu da zane-zanen azabar Ambon duk lokacin da za su yi yaƙi da Holan. Ma'auninsu na gada na shigo da shi aji ban duba ba. Na ji nauyin wannan ƙwarai.

Da mako ya zagayo kowane tebur na da mai shi. Malamar nan da mutanenta suka zauna Banda. Wani ya zama Sarki Jahangir na daular Mughal ta Indiya, wani Shah Abbas na Farisa, wani sarkin Bantam ta tsibirin Jawa. Na kafa doka ɗaya: babu Baturen da zai ajiye kaya a tebur sai mai teburin ya yarda, ko kuwa ya fi shi ƙarfi. Labarin gaba ɗaya ya sake kama.

Ɗauki yaƙin Swally na ƙarshen 1612, kusa da Surat. Da ina koyar da shi a matsayin nasarar Kyaftin Thomas Best, wanda ya kori manyan jiragen Fotugal huɗu da nasa biyu. Gaskiya ne, amma abin da ya ba nasarar daraja shi ne masu kallo daga gaɓa. Surat ita ce ƙofar mahajjatan Indiya zuwa Makka, kuma Fotugal ta daɗe tana tatsar jiragensu. A 1613 ma sai da suka kama Rahimi, ƙaton jirgin mahaifiyar Jahangir. Hukumomin Mughal na neman wanda zai taka wa Fotugal burki a ruwa, shi ya sa suka bar Ingilishi suka buɗe gidan ciniki a Surat. Jakadan Sarki James na Ingila, Sir Thomas Roe, ya shekara kusan uku yana bin fadar Jahangir daga gari zuwa gari da kyaututtuka, ya koma gida ba tare da yarjejeniyar da ya zo nema ba, sai izinin ciniki. Ɗalibin da ya zama Jahangir ya ji daɗin wannan, ya bar "jakadan" tsaye minti biyar bai ko ɗaga kai ba. Haka ma Hormuz a 1622: Shah Abbas ne ke son tsibirin, sojojinsa ne suka hau ganuwa, jiragen Ingila ya jawo su taya shi, kuma sun yarda ne don kada su rasa cinikin siliki.

A nan na yi kuskure na biyu. Da muka zo 1621, na bar 'yan Holan suka auka wa teburin Banda. Samari ne, sai abin ya zama wawaso da dariya, gyaɗar ƙamshi na gangarawa ƙarƙashin kujeru. Na ga fuskar malamar ta canza. Tun daga ranar ba na bari a kwaikwayi kisa. Idan mun iso wurin sai in ce kowa ya zauna, in karanta abin da ya faru a hankali, in ɗan yi shiru, sannan mu ci gaba. Wasan ya dace da ciniki da yaudara da ƙawance, a nan kuma nake tsayar da shi.

Sauran ƙarnin muna wucewa da sauri. Holan ta yi ta fizge wa Fotugal wurare, Malaka a 1641, Kolombo a 1656, Kochin a 1663, Larabawan Oman kuma suka kore ta daga Maskat a 1650. Ingila da Fotugal suka sasanta a Goa a 1635, har Bombay ta zo hannun Sarki Charles na Biyu a 1661 cikin kayan auren gimbiyar Fotugal, shi kuma ya ba kamfani haya fam goma a shekara. Da Holan ta rufe wa Ingilishi ƙofar kayan ƙamshi, har ta sa aka fitar da su daga Bantam a 1682, sai suka mai da hankali kan yadin Indiya, a Surat da Madras da Bengal. Ko a can, da suka gwada ɗaga wa sarkin Mughal Aurangzeb makami a 1686, sai da suka nemi gafara suka biya tara a 1690.

Wurin da ɗalibai suka fi gardama shi ne tsibirin Run, ɗaya daga cikin tsibiran Banda. Tsawonsa bai fi kilomita uku ba. Nathaniel Courthope ya riƙe wa Ingila shi daga 1616 har aka kashe shi a 1620, bisa yarjejeniya da mutanen tsibirin da ke neman kariya daga Holan, kariyar da ba su samu ba. A yarjejeniyar Breda ta 1667 Ingila ta haƙura da Run, Holan ta haƙura da garin da ya zama New York. Duk shekara sai wani ya ce 'yan Holan sun yi asara. Sai in ce ya auna da farashin ranar: gyaɗar ƙamshi a Turai tana ninka kuɗinta sau ɗaruruwa, kuma da Run a hannunsu babu wani mai ita a duniya sai su. Mai saye da mai sayarwa duk ba su san abin da New York za ta zama ba. A bara wani ɗalibi ya ƙara da abin da ban faɗa ba, ya ce ai a Breda babu wanda ya gayyaci mutanen Run, babu kuma wanda ya gayyaci 'yan asalin Manhattan, tsibirin da aka kafa New York a kansa.

Yanzu darasin mako biyu yake ci, dole na rage wani babin don ya samu wuri. Banda ta koma shafi uku a littafina, Ambon na nan da shafinta.

Da na koma sayen kayan bana, na nuna wa dattijon taswira a waya. Na yi ta buɗa hoton da yatsu kafin Run ta bayyana, ɗan ɗigo a tsakiyar ruwa. Na ba shi labarin a taƙaice yana auna kanumfari. Ya karɓi wayar ya matso da ita kusa da ido, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Allah ya jiƙan Musulmi." Sannan ya ƙulle mini kayan, ya jefa gyaɗar ƙamshi biyu gyara.