Alhamdulillahi, an sallame mu

Alhamdulillahi. Mun dawo gida Tudun Wada, kuma yarinyar da kuka daɗe kuna yi wa addu'a yau da bakinta take kama nono. Gajiya ta hana ni bin ku ɗaya bayan ɗaya, ku karɓi wannan da haƙuri.

Zuwanta bakwaini da zaman kwalba duk kun sani. Abin da ba ku gani ba shi ne ciyarwar. Jariri ba ya iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi sai wajen sati 34 da shigar ciki, shi ya sa aka zura mata siririn bututu ta hanci har cikinta. Ni kuma aikina tatsa, duk bayan awa 3, dare da rana.

Wani dare na tatsa na tatsa, abin da ya fito bai rufe gindin kofi ba. Na fashe da kuka, a raina yunwa ce za ta kashe ta. Nas ɗin da ke aikin dare, wadda ko addininmu ba ɗaya ba, ta ɗora min tsumma mai ɗumi, ta gyara min riƙon, ta zuƙe 'yan ɗigon da sirinji ta ce, "Ƙanwata, dakashin nan magani ne, cikin nata ma nawa yake?" Ita ta koya min manna ta a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zani. Daga bututu aka koma ɗan kofi, ba ɗura ba, a kai bakinta ta lasa da kanta. Allah Ya saka wa baiwar Allahn nan, Ya raya mata nata.

Gwaggo ta Rigasa, kunun gyaɗarki bai taɓa fashi ba, Allah Ya kai ki Makka. Abbanta, na san ba a yi, amma sai na faɗa: kwanan benci da ka yi, Allah Ya biya ka da Aljanna. Waɗanda asibitin Kawo ya yi wa nisa kuwa, mun ga saƙonninku.

Masu zuwa barka, don Allah a wanke hannu kafin a taɓa ta, mai mura ya dakata tukuna. Ruwa ko rubutu kada a kawo mata, nono zalla ne har wata 6.