Mangwaron da na tsinka ina tsaye a ƙasa

A watan Mayu na isa Bangalo, a kudancin Indiya, ana tsakiyar kakar mangwaro. Washegari da sassafe muka kama hanyar Hesaragata, wajen kilomita 25 daga gari, inda cibiyar binciken lambu ta ƙasar take. Hanya ba wani labari, cunkoson motoci ne har muka fita gari, sannan jar ƙasa da gonaki.

Abin da ya kawo ni tambaya ce guda: me ya sa reshe iri ɗaya, in aka aura shi a kan gindi daban, wani ya yi sama, wani kuma ya tsaya wada?

A wata gona ta yankin na ga amsar da idona. Layi biyu ne na irin mangwaron da ake kira Alfonso, shekarunsu ɗaya. Na dama sun haɗe rassa, ƙarƙashinsu duhu. Na hagu kuwa ina tsaye na miƙa hannu na tsinko ɗa. Dattijon da ke kula da gonar ya durƙusa ya nuna mini tabon auren, ɗan kumburi kamar taki ɗaya daga ƙasa. Ta bakin tafinta na ce, "Baba, ai itacen ɗaya ne." Ya girgiza kai, ya dafa ƙasan tabon. Gindin na hagu wani iri ne daga Kerala da ake kira Belaikolamban, wanda aka daɗe ana gwadawa a Indiya domin rage wa Alfonso ƙarfin girma. Ƙwallonsa ɗaya kan fitar da tsiro da yawa, akasarinsu kwabo da kwabo da uwarsu, shi ya sa ake samun gindi mai hali ɗaya.

Na daɗe a tsugune ina kallon tabon nan, domin duk sha'anin a nan yake. Kan reshe yana haɗa wani sinadarin girma, okzin, ya turo shi ƙasa ya zuga saiwa ta yaɗu. Saiwa kuma ta mayar da nata, saitokainin, cikin ruwan da ke hawa, ya tada sabon toho. Bayanin da masana suka fi riƙewa shi ne gindi mai sa itace ya tsaya wada yana rage saukar okzin, saiwa ta taƙaita, saƙon da take aikawa sama ya ragu, sai toho ya lafa. Yawancin wannan sani daga itacen tuffa aka samo shi, musamman gindin M9 na Ingila. Akwai kuma jibaralin, mai tsawaita gaɓar reshe. A mangwaro in ya yi yawa fure ne ke ja baya, ganye ya yi ta fita.

Saboda jibaralin ɗin nan ne manoma da yawa ke zuba maganin paklobutarazol a gindi, ya hana itace haɗa shi. Yana aiki, amma yana daɗewa a cikin ƙasa, kuma sai an yi ta maimaitawa. Ni dai hankalina ya fi kwanciya da gindin da zai yi aikin da kansa tsawon ran itacen. Ga kuma lissafi, tunda gajerun itatuwa ana iya dasa su kusa da juna: tazarar mita 10 tana ɗaukar itace 100 a hekta, ta mita 5 kuwa 400, kuma ba wanda zai hau sama ya faɗo wajen tsinka ko feshi.

Da rana ta take, dattijon ya zauna a inuwa ya ɗauko wuƙarsa. Ya tsaga kan wani ɗan tsiro, ya fiƙe reshe ya soka a tsagar, ya daidaita ɓawo da ɓawo, ya naɗe da leda. Sai ya miƙo mini wuƙar da wani tsiron. Sau uku ina fiƙewa kafin ya gyaɗa kai.