Ƙwayar da na sha a wata na bakwai

Ƙannena mata, ga wautar da na tafka, ko wata ta tsira.

Cikina na fari yana wata bakwai ciwon baya ya sa ni gaba. In na zauna, sai na dafa bango nake miƙewa. A jakata kuwa ba a rasa ibuprofen, wanda na saba sha tun ina budurwa in mara ta murɗa. Sabo ya sa ban ma lissafa shi a cikin magani ba. Ɗaya da safe, ɗaya da dare, na yi kusan mako biyu a haka. Ranar awo aka yi min hoto, likita ta daɗe tana zagaya na'urar a kan cikina, ba ta ce uffan ba. Can ta ɗago ta ce, "Me kike sha?" Na ce maganin ƙarin jini. Ta ce, "Sai me?" Sai a lokacin na tuna.

Ashe ruwan da yaron ke kwance a ciki ya ragu. Daga tsakiyar ciki zuwa gaba, yawancin ruwan nan fitsarin jaririn ne. Ibuprofen da danginsa, irin su diclofenac da naproxen, suna ratsa mabiyiya su rage wa ƙodarsa aiki. Shi ya sa a 2020 FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta ce a guje su daga mako na 20. Daga mako na 30 haɗarin ya ƙaru, don suna iya rufe wata jijiya kusa da zuciyar jariri wadda bai kamata ta rufe ba sai an haife shi. Allah ya taimake ni, da na daina ruwan ya dawo. Paracetamol aka ba ni, shi ma aka ce kaɗan, na 'yan kwanaki.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A ciki na biyu na ƙi magani ƙememe. Ga shi na karanta labarin thalidomide, maganin da aka riƙa ba mata don laulayi har zuwa 1961, aka haifi jarirai sama da 10,000 da naƙasassun hannuwa da ƙafafu. Da fitsari ya fara min zafi, likita ta rubuta min maganin ƙwayoyin cuta, ta ce ba ya cutar da mai ciki. Na karɓa, na cusa a ƙarƙashin kaya. Bayan kwana biyar zazzaɓi ya kayar da ni, ciwon ya haura ƙoda, na kwana uku a gadon asibiti ana min ƙarin ruwa da allurai. Irin wannan ciwon yana iya ta da naƙuda a haifi bakwaini. Wannan wautar ta fi ta farko, don an gaya min gaskiya na ƙi ji.

Mai farfaɗiya ko hawan jini ko asma, kada ki yanke maganinki don kin ga ɓatan wata. Canza shi ake yi in da buƙata. A magungunan hawan jini, lisinopril bai dace da mai ciki ba, amma ga methyldopa da nifedipine. Valproate na farfaɗiya yana da haɗari sosai ga ɗan tayi, shi kam tun kafin a samu cikin ya kamata a zauna da likita.

Bayan na haihu, jiki duk ya yi tsami, sai ga nas da ibuprofen. Na ce Allah ya kiyaye! Ta yi dariya ta ce yanzu ba komai, abin da ke shiga nono bai taka kara ya karya ba. Waɗanda ta ja min kunne a kansu su ne codeine da tramadol. Jikin wasu mata yana saurin juya codeine ya koma morphine, maganin ciwo mai ƙarfin gaske, ya bi nono ya sauka a jikin jariri, ga shi codeine ɗin yana cikin wasu magungunan tari. In kin sha, kika ga jaririnki ya cika barci, jikinsa ya saki, ya kasa kama nono, ko numfashinsa ya yi ƙasa, kada ki jira gari ya waye. Ki ɗauke shi zuwa asibiti, ki tafi da kwalbar maganin a hannunki.